Shekarar da Na Tsinci Gurasa

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, Shi da ya ciyar da mu a shekarar da muka zaci ba za mu ga ƙarshenta ba. Ni ban yi karatun boko ba, bakina ne alƙalamina, 'yata Sa'adiyya ce ke rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana don ta yi daɗi. Na ce mata idan ta ga na yi shiru ina share ido ta jira ni, kada ta ce in bari. Shekara biyu ke nan da rasuwar Malam, mahaifinku, amma har yau idan zan zuba shayi sai na ɗauko kofi biyu kafin in tuna. Ban iya ɓoye kuka ba, ban kuma ga dalilin koyonsa da tsufana ba.

Abin da ya tayar da maganar nan wata kalma ce. Makon jiya Sa'adiyya, wadda ke koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata a unguwar Bagdadiyya nan Jidda, tana zaune kusa da ni tana duba littattafanta, sai na ji ta yi dariya ita kaɗai. Na tambaye ta abin da ya faru. Ta ce ta ci karo da wata kalma da ko Turawan ba kasafai suke faɗarta ba, sai a tsofaffin littattafai, ko idan mutum yana son a san ya yi karatu. Harshena ba zai iya juya ta ba, don haka na ce ta sa ta a nan da hannunta: esurience.

"Umma, ma'anarta yunwa," in ji ta. "Daga tsohon harshen mutanen Rum suka aro ta, a can asalinta tana nufin son cin abinci. Amma suna faɗarta ga mai haɗama ma, wanda ba ya ƙoshi."

Na ce, "Kalma ɗaya ga mai yunwa da mai haɗama?"

"Ɗaya tak, Umma."

"To wanda ya haɗa su bai taɓa kwana da ita ba."

Ita ta ƙara dariya, ni ban yi ba. Domin an taɓa haɗa mini su biyun nan a garin nan na Jidda, da Hausa tsantsa, a gaban mata. Kuma na san a cikinku akwai wanda har yau yake jin kunyar shekarar nan. Babangida, ɗana na fari, da kai nake. Na ji abin da ka gaya wa surukanka lokacin neman aurenka, cewa turaren wuta mahaifiyarka ta sayar ta rene ku. Ban yi fushi ba, Allah shi ne shaida. Amma ba turare ba ne, kuma ba na son in kwanta a kabari 'ya'yanka suna yi mini addu'a a kan sana'ar da ban yi ba.

Ni 'yar wani ƙauyen Hausawa ce a bakin kogi a ƙasar Sudan, can aka ɗaura mana aure da Malam, muka ƙetaro teku da Babangida a bayana. Sa'adiyya da auta Yasir nan aka haife su, a unguwar Mahjar, a wani gida mai ɗaki biyu da tsani mai hawa saman rufi. Malam dako yake yi a tashar jiragen ruwa. Mutum ne mai ƙarfi, idan ya shigo da yamma yakan ɗauki yara biyu a hannu ɗaya yana tambayar me aka dafa. Ba mu da dukiya, amma tukunyarmu ba ta taɓa kwana a kife ba. Ni kuma a cikin matanmu ina da matsayi: duk gidan da aka yi suna ko biki, ni ake kira rabon abinci, domin an ce hannuna yana da albarka, tukunya ɗaya sai ta ishi kowa har a kai wa maƙwabta.

Sai ranar da igiya ta tsinke, buhunan shinkafa suka rufto masa a baya. Ya yi kwanakinsa a asibiti, aka dawo mana da shi a kwance, likita ya ce tashi sai ikon Allah. Kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, bai yi mana mugunta ba, ya ci gaba da sabunta masa iƙama, wato takardar zama, amma wanda ba ya aiki ba ya da albashi. Na sayar da 'yan kunnena, na sayar da manyan tukwanen da na zo da su. Maƙwabta sun yi ƙoƙari wata na fari da na biyu, sai dai ciwon da ya daɗe yakan gajiyar da mai dubiya. Daga ci uku muka koma biyu, daga biyu muka koma ɗaya, ɗayan ma ruwa ya fi yawa.

Ku da kuka manta, bari in gaya muku yadda yunwa take. Yaro mai yunwa da farko yakan yi kuka, ya bi ki duk inda kika juya yana jan zanenki. Wannan da sauƙi. Abin tsoro shi ne ranar da ya daina. Yasir yana da shekara huɗu, yaron da ba ya zama wuri ɗaya, sai na gan shi ya jingina da bango yana kallon 'yan'uwansa yara suna wasa, ko motsi ba ya yi. Na taɓa shiga na tarar da Sa'adiyya ta buɗe gwangwanin sukari da babu komai a ciki tana lasar murfin, da ta gan ni sai ta ce wankewa za ta yi. Malam kuwa sai ya riƙa cewa maganin da yake sha ya kashe masa cin abinci, a ba yara nasa. Na san ƙarya yake yi, ya san na sani.

A wannan hali yayansa, Alhaji Sale, mai kanti a unguwar Bani Malik, ya zo. Ba mugun mutum ba ne, Allah ya jiƙansa, shi ma iyalinsa sun kai goma, kuma ya taimaka gwargwadon hali. Ya zauna kusa da tabarmar ƙaninsa, ya dubi Yasir ya daɗe, sannan ya yi gyaran murya.

"Wannan zama ba zai yiwu ba," in ji shi. "Bayan Babbar Sallah akwai mutanenmu da za su koma Sudan ta jirgin ruwan Sawakin. Zan haɗa su da ƙananan nan biyu, a kai wa Inna a ƙauye. Can ko ba komai akwai dawa."

Na ce, "Yaya Alhaji, idan suka fita aka kashe musu iƙama, ta ina za su dawo?"

"Asabe, dawowa kike tunani? Ni rai nake tunani. Kawo takardunsu in fara shiri."

Na dubi Malam. Ya juya fuskarsa bango. Ba ya iya yi wa yayansa musu ko da yana tsaye da ƙafafunsa, balle yana kwance a hannun mutane. Na tashi na ɗauko takardun daga ƙasan akwati na miƙa da hannu biyu, kamar yadda aka koya mini. Amma da na raka shi bakin ƙofa sai na ce masa, idan ya dawo bayan Sallah ya tarar da yara sun murmure, ya bar mini su. Ya ce, "Da me?" Na ce Allah ya sani. Ya kaɗa kai ya ce to, halas, shi ke nan, mu ga ikon Allah. Saura wata huɗu a lokacin.

Na nemi aikin gida a wurin Larabawa, ba a samu ba, domin duk mai ɗauka tana son wadda za ta kwana, ni kuma ina da majinyaci da sai an juya shi. Wata safiya ina tsaye a ƙofar gida ban san inda zan dosa ba, sai ga Iya Tabawa, wata tsohuwa da ke zaune a ƙarshen layinmu, tana tura tsohon keken jarirai cike da ledoji. Kowa ya san sana'arta, kuma ni ma, Allah ya gafarta mini, ina cikin masu gaishe ta daga nesa. Ta tsaya ta dube ni daga sama har ƙasa.

"'Yar nan, wuyanki ya yi tsawo," ta ce. "Kwana nawa rabonki da ƙoshi?"

Na ce lafiya lau muke.

"Lafiya lau ɗin ce ta sa zanenki ya zagaye ki sau biyu? Gobe bayan asuba ki same ni. Ki zo da buhu, ki bar kunyarki a gida, ba za a sace ta ba."

Jikokina, ku da kuka tashi kuna ganin ledojin gurasa a rataye a bango ba ku taɓa tambaya ba, ga abin da ake yi da su. Mutanen ƙasar nan ba sa zubar da gurasa cikin shara, suna cewa ni'imar Allah ce. Duk abin da ya rage na gurasa da burodi sai su ɗaure a leda dabam, su rataya a ƙusa ko su ɗora a kan katanga. Masu kiwon tumaki kuma suna sayen busasshiyarta buhu-buhu. Tsakanin mai ratayewa da mai tumaki akwai mata irin Iya Tabawa, kuma aikin yana da ƙa'ida. Kowace mace da layukanta, ba a shiga na wata. Ba a sa hannu cikin shara ko da an hango gurasa a ciki, abin da aka ɗaga sama shi ne namu. Idan an dawo gida a zazzage a ware kashi uku: mai fumfuna a kawar da ita gefe, ragowar da aka gutsura ta tumaki ce, wadda kuma take cikakkiya a ledar gidan burodi, ta jiya da ba wanda ya taɓa, wannan ta mutane ce. Iya Tabawa ta yanka mini layi uku daga cikin nata, ta ce ƙafarta ta gaji da su. Ban yarda ta gaji ba. Allah ya kai haske kabarinta.

Na yi kuskuren sabon shiga. Na shanya a saman rufi yini ɗaya, na ga ta yi tauri, na zuba a buhu na ɗaure. Ban san iskar tekun Jidda ba. Bayan kwana uku na buɗe, buhun duka ya yi kore, wahalar mako guda ta tafi. Na zauna a saman rufin na yi kuka har na gode Allah. Iya Tabawa ta hau da ƙyar, ta leƙa buhun, ta ce, "Madalla, kin noma gansakuka." Sannan ta ɗauki gurasa ɗaya ta karya kusa da kunnena. Ta ce wadda ta bushe ƙara take yi kamar an taka busasshen kara, wadda ta lanƙwashe kuwa ba ta gama ba, kuma a kwashe shanya kafin la'asar ta yi sanyi, kada raɓa ta sauka. Daga ranar ban sake asarar buhu ba. Har mai tumakin da nake kai wa ya riƙa ajiye nawa dabam, yana cewa na Hajiya ba a buɗewa a duba.

Kashi na uku kuwa, na mutane, shi ya tashe ku. Nakan busar da ita sosai, in daka a turmi, in yayyafa ruwa, in turara kamar dambu, in soya albasa da tumatir da ɗan mai daga abin da na samu na buhunan in zuba a kai. Ranar farko Yasir ya cinye nasa ya miƙo kwano. Na juya baya don kada ya ga fuskata. Kafin wata guda ya koma fasa mini kofuna, ni kuwa ban taɓa jin daɗin ɓarna kamar wannan ba. Shi kuwa Malam, na gaya masa wanki nake yi a wani gida da sassafe. Ita ce ƙarya ɗaya da na yi masa a zamanmu, domin na ji tsoron idan ya ji matarsa na bin bango da buhu, abin da buhunan shinkafa suka bari na bayansa zai ƙarasa karyewa.

Amma Jidda ba ta da girman da za ta ɓoye mace da buhu. Aka yi suna a gidan wasu danginmu, na je kamar kullum, na wanke hannu na nufi tukwane. Sai Hajiya Rabi, matar Alhaji Sale, ta riga ni ɗaukar ludayin.

"Bari, Asabe, huta," ta ce, da muryar da kowa zai ji. "Hannun da ke yawo a bayan gidajen mutane ai ya gaji. Wallahi kwaɗayi bai yi ba, abin tumaki ma ba a bar musu ba."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Na zauna har aka yi addu'a, na tafi ban ci ba. Daga ranar ba a sake kirana rabon abinci ba, har yau ɗin nan da nake magana. Wannan ya yi mini ciwo, amma bai kai na wata safiya ba. Babangida, kana da shekara goma sha uku, kuna tafiya makaranta da abokanka, kuka yi kaciɓis da ni ina miƙa hannu ina sauko da leda. Idonmu ya haɗu. Ka tsallaka titi. Ni ma na ja mayafi na rufe fuska don in sauƙaƙa maka. Ba mu taɓa yin maganar ba, shekara talatin da wani abu. Yau na yi ta, kuma ka sani tun kafin ka kai ɗaya gefen titin na yafe maka.

Bayan Sallah da kwana biyar Alhaji Sale ya zo, da Hajiya Rabi, da takardun yara a aljihun gaban rigarsa. Na yi dambun nan, na zuba a babban tire na ajiye a tsakiya. Da na so, da na bar shi ya ci ya yaba, amma na ga idan da ɓoyo zan riƙe 'ya'yana, gobe ma da magana ɗaya za a karɓe su. Ya kai hannu zai wanke, sai na durƙusa.

"Yaya Alhaji, kafin ka sa hannu ka san abin da ke gabanka. Gurasar da mutane suka rataya ce, ni na tsinto, na ware mai tsabta. Ita yaran nan suke ci wata huɗu. Ban roƙa ba, ban sata ba, ban sa hannu a shara ba."

Ya janye hannunsa. Hajiya Rabi ta ce, "Ka ji ko? Da bakinta." Ni kuwa ba su nake kallo ba, Malam nake kallo, domin yau ya ji. Sai na ga ya dafa bango, ya ja jikinsa daga tabarma da gwiwar hannu, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo shi. Gumi na zuba, ya iso bakin tiren. Ya ce a zuba masa ruwa. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya cika hannu ya kai baki.

"Yaya," ya ce, "ni bayana ne ya karye, kunnena lafiya lau. Wata huɗu ina kwance ina jin ana karya gurasa a saman kaina. Wane irin wanki ne yake ƙara haka? Na sani tun makon farko. Na yi shiru ne don ban san da wane baki zan gode mata ba." Ya sake cika hannu. "Ban taɓa yi maka musu ba. Amma 'ya'yan da aka ciyar da wannan ba za su hau jirgi ba."

Sai Yasir, da bai san me ake ciki ba, ya kutso tsakaninsu ya zauna ya fara ci da hannu biyu. Alhaji Sale ya kama damtsensa ya matsa, kamar mai taya rago, ya dubi kumatunsa, ya dubi Sa'adiyya. Ya sa hannu a aljihu ya fito da takardun ya ajiye a kan tabarma kusa da gwiwata.

"Mayar da su akwati," ya ce. "Yalla, Rabi, tashi mu tafi."

Bai ci ba, kuma har ya bar duniya bai taɓa cin dambuna ba, ba zan ƙara masa abin da bai yi ba. Amma da wata Sallar ta zagayo, ni ya aiko wa a kai masa buhu biyu don ragon layyarsa, ya ce an gaya masa nawa ba ya fumfuna.

Malam ya tashi bayan shekara guda, da sanda, ya samu gadi a wani sito. Ni kuma na ƙara shekara shida ina tsintar gurasa, ba don dole ba a ƙarshe, sai don da ita aka sayi littattafan wadda ke rubuta wannan. Ga ta nan ta ajiye alƙalami tana kuka, na ce ta ɗauka, kuka nawa ne a gidan nan, ita aikinta rubutu. Da an sa ta a jirgin nan, da ban san wa zai zauna yana karanto mini kalmomin Turawa ba. A ciwonsa na ƙarshe, da Malam ya daina cin komai, abin da ya nema shi ne dambun gurasa. Na sayo sabuwa na busar na yi masa. Ya ɗanɗana ya ce, "Asabe, wannan ta kanti ce, ba ta kai waccan ba." Ya yi dariya, na yi dariya. Bayan kwana biyu ya tafi ya bar ni da kofinsa.

To Sa'adiyya, ki gaya wa ɗalibanki kalmar nan yadda take a littafi, ba zan hana ki aikinki ba. Amma ki ƙara musu da cewa mahaifiyarki ta ce a raba su. Mai haɗama cikinsa yake bi, ni kuwa da na bi bangon mutane da buhu, sau da yawa ban karya ba sai kun ƙoshi. Babangida, ka karanta wa 'ya'yanka wannan da bakinka, kada ka ba wani. Idan sun tambaye ka sana'ar kakarsu, ka faɗa musu kai tsaye, ba ta da wari.

Abu ɗaya nake roƙonku, ku ukun da matanku da mijinki. Duk gurasar da ta rage a gidajenku, kada ku haɗa mai miya da busasshiya, kada ku cusa ta da ɗumi. Ku ware cikakkiyar a leda mai tsabta, ku ɗaure bakin da kyau, ku rataya ta inda kyanwa ba za ta kai ba, amma kada ta yi tsayin da gajeriyar mace za ta yi ɗage. Akwai wadda za ta zo bayan asuba. Idan kun haɗu da ita a ƙofa, ku gaishe ta da kyau, kada ku tsallaka titi.